Tsofaffin bindigogin soja da aka sauya wa harsashi

Waɗannan bindigogi ne da aka ƙera domin wani nau'in harsashi, daga baya aka sake musu bututu ko aka gyara mazaunin harsashinsu domin su ɗauki wani sabo. Gwamnatoci sun riƙa yin haka tun tsakiyar ƙarni na 19, saboda gyaran abin da ke jibge a rumbun makamai ya fi sayen sabo araha. Sai dai galibi bututu kaɗai gyaran ke shafa. Sakatar da ke tare harsashi ta baya, da gangar jikin da sakatar ke kulluwa a ciki, suna nan da ƙarfensu na asali, kuma daga nan hatsarin yake tasowa.

Tarihi

Sauyin farko da ya yi suna shi ne na Snider-Enfield. A 1866 Birtaniya ta ɗauki bindigoginta na Enfield samfurin 1853, waɗanda ake ɗura wa albarushi ta baki kamar bindigar toka, ta buɗe musu ƙofa ta baya bisa dabarar wani Ba'amurke, Jacob Snider. A 1871 aka kawo Martini-Henry, ita ma da baƙin albarushi take aiki.

A 1884 Bafaranshe Paul Vieille ya haɗa albarushi marar hayaƙi, wanda matsinsa a cikin bututu ya zarce na baƙin albarushi nesa ba kusa ba. Birtaniya ta koma ga harsashi mai lamba .303, kuma daga wajajen 1895 ta riƙa sa wa tsofaffin Martini-Henry sabon bututu, aka kira su Martini-Enfield. Gajeriyar wannan bindiga ce babban makamin rundunar sojan Turawa ta Afirka ta Yamma a farkon ƙarni na 20. Rundunar ce ta shiga Bauchi a watan Fabrairun 1902, ita ce kuma ta yi yaƙin Burmi, kusa da Bajoga a Jihar Gombe ta yau, ranar 27 ga Yulin 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya rasa ransa. Ke nan bindigar da aka sauya wa harsashi ba baƙuwa ba ce a tarihin wannan yanki.

Zagaye na biyu ya biyo bayan 1954, lokacin da ƙungiyar NATO ta tsayar da harsashi mai milimita 7.62. Isra'ila ta mayar da bindigoginta na Mauser K98k kansa. Sifaniya ta fitar da FR7 daga tsohon tsarin Mauser na 1893, da FR8 daga tsarin 1898. Birtaniya ta gyara wasu Lee-Enfield No. 4, ciki har da L42A1 ta maharba daga nesa, wadda ta fara aiki a 1970. Indiya kuwa wata hanya ta bi: tun farkon shekarun 1960 masana'antar Ishapore ta ƙera sababbi a kan tsohon tsarin Lee-Enfield, da ƙarfe mafi inganci.

Musabbabin hatsari

Na farko shi ne matsi. Hukumar CIP, wadda ke tsara awon harsasai ga ƙasashen Turai da dama, ta ƙayyade wa .303 iyakar matsin bar 3,650 (bar ma'aunin matsi ne), ta ba .308 Winchester bar 4,150. Shi .308 ɗin ɗan'uwan 7.62 ne na farar hula, girmansu kusan ɗaya, har ɗaya yakan shiga mazaunin ɗaya. Amma mazaunin bindigar soja yakan fi tsawo kaɗan, kwanson harsashin farar hula kuma ya fi sirantaka, don haka yana iya miƙewa ya tsage.

Na biyu shi ne tazarar da ke tsakanin fuskar sakata da gindin harsashi. Shekaru da yawan harbi suna faɗaɗa ta, haka ma sa wa bindiga sakatar da ba tata ba. In ta wuce ƙima, kwanson yakan yanke, iska mai zafi ta dawo ta baya zuwa fuskar mai harbi. Tsarin Mauser na 1898 yana da haƙorin kullewa na uku a sakatarsa da kafofin fitar da wannan iska, abin da na 1893 ya gaza a kansa.

Sai ingancin ƙarfen. Misalin da aka fi kawowa shi ne Springfield 1903 ta Amurka. Kafin 1918 da ido ma'aikata ke auna zafin ƙarfen wajen ƙira, wasu suka ƙone suka yi gautsi. Har yau ana gargaɗi a kan waɗanda lambarsu ba ta kai 800,000 ba daga masana'antar Springfield, da waɗanda ba su kai 285,507 ba daga masana'antar Rock Island. Akwai kuma jabun Martini da Lee-Enfield da maƙeran yankin Khyber, a iyakar Pakistan da Afganistan, suke yi da hannu, har da hatimin ƙarya.

Tsohon harsashin soja yakan bar gishiri a bututu, tsatsa ta ci shi daga ciki.

Saɓani

Ba a yi ittifaƙi a kan FR7 ba. Wasu na cewa an yi ta ne domin harsashin Sifaniya mai sassaucin matsi, wasu na cewa tana jure cikakken na NATO.

Gwaji

Bambancin gyaran gwamnati da na maƙeri shi ne gwaji. A Ingila, gidan gwajin bindigogi na Birmingham, wanda aka kafa a 1813, yana harba bindiga da harsashi mai matsi fiye da na kullum, sannan ya buga mata hatimi. Hatimin shaida ne a kan halin bindigar a ranar gwaji kawai, kuma gyaran da ya raunana bututu ko sakata yana soke shi. Alamun da masana ke dubawa sun haɗa da sakata mai wuyar buɗewa bayan harbi, da kwanso mai kumburi ko mai zobe mai haske kusa da gindinsa. Tsagar da ke cikin ƙarfe kuwa ba kasafai ido ke ganin ta ba.

A Najeriya

Dokar bindigogi ta 1959 ta sa bindigogin soja masu harsashin 7.62 da .303 cikin haramtattun makamai, waɗanda ba a mallaka sai da lasisin shugaban ƙasa, ta kuma hana ƙira ko gyara ba tare da izini ba. Saboda haka a Bauchi da Gombe matsalar ta fi kusa da mafarauta da 'yan bindigar sarki masu harbi a hawan Sallah, waɗanda bindigar toka ke hannunsu. Ita wannan domin baƙin albarushi aka ƙera ta, kuma ɗura mata albarushin da aka zazzage daga harsashin zamani yana iya tarwatsa bututun a hannun mai riƙe da ita.