Waiwaye: Yadda Makarantu Suka Haɗa Kai Wajen Shigar da Kwamfuta Aji

Tsada ce ta fara haɗa kan makarantu a kan kwamfuta, tun kafin a zo ga batun sabon salon koyarwa. A ƙarshen shekarun 1960 kwamfuta guda kan cika ɗaki, kuma babu makarantar sakandaren da za ta iya sayen ta ita kaɗai, balle ta ɗauki masu kula da ita. Sai hukumomin makarantu na yankin Minneapolis a jihar Minnesota ta Amurka suka yi karo-karo, suka kafa ƙungiyar TIES, suka ajiye babbar na'ura ɗaya ta kowa da kowa. Abin da ke cikin makaranta wata na'ura ce mai kama da tafireta da aka haɗa da layin tarho. Ɗalibi zai buga lamba, in ya ji ƙara sai ya ɗora kan tarhon a mazauninsa na roba, ya rubuta umarninsa, ya zauna yana kallon amsa na fitowa a doguwar takarda, harafi bayan harafi. Babu allon kallo, babu hoto.

A 1973 aka faɗaɗa wannan tsari zuwa jihar baki ɗaya da sunan MECC, kuma da ƙananan kwamfutoci suka fito, ƙungiyar ta zaɓi Apple II a 1978, ta riƙa saya wa makarantu a dunƙule don a samu rangwame. Sai dai a ganina babbar ribar ba ta tsaya ga rangwamen ba. Tunda na'urar ɗaya ce, manhajar da malamin tarihi ya rubuta don ajinsa tana shiga rumbu ɗaya, gobe malamin wata makaranta mai nisa ya ɗauka, ya gwada, ya dawo da gyara. An zo raba na'ura, sai aka wayi gari ana raba darasi.

Shekarun 1980 sun zo da akasin haka. Kwamfuta ta yi arha, gwamnatoci suka shigo. A Birtaniya, daga 1981 gwamnati ta riƙa biyan rabin kuɗin kwamfutar da makaranta za ta saya, kwamfutar BBC Micro ta cika azuzuwa. Faransa ta yi nata gagarumin rabon a 1985. Kowace makaranta ta samu tata, kuma da zarar ta samu, larurar da ta sa ake neman juna ta kau. Galibi aikin kan rataya a wuyan malami ɗaya mai sha'awa, yawanci na lissafi ko na kimiyya, shi ne mai riƙe makullin ɗakin kwamfuta, shi ne mai gyara, shi ne mai koya wa abokan aiki. Ranar da aka yi masa canjin wurin aiki, ɗakin ya koma ma'ajiyar ƙura. Har yau wannan matsala ba ta bar makarantu ba.

Duk da haka an yi wani aikin gayya a wancan zamani da ya cancanci a tuna da shi. A 1986 BBC ta kammala aikin Domesday, inda dubban makarantun Birtaniya suka raba ƙasar a tsakaninsu, yara suka fita suna ɗaukar hotuna da rubuta yadda rayuwa take a yankunansu. Aka tattara komai a manyan fayafayan LaserDisc. Ba a yi shekara ashirin ba na'urorin da ke karanta fayafayan suka kusa ƙarewa, sai da masana suka yi aikin ceto kafin a sake ganin abin da yaran suka rubuta. Abin takaici ne ƙwarai a ce gumin yara masu yawa haka ya kusa salwanta saboda an ɗaure shi da na'ura guda.

Zuwan saƙon imel ya sauya ma'anar haɗin kan. A 1988, tun yaƙin cacar baki bai ƙare ba, aka haɗa makarantu 12 na jihar New York da 12 na birnin Mosko, ɗalibai suna musayar saƙo da yin aiki tare, kuma daga nan ne iEARN, cibiyar haɗa makarantun ƙasashe daban-daban, ta samo asali. Chile ta fara shirin Enlaces a 1992, ta jingina makarantu da jami'o'in da ke horar da malamansu da duba kayan aikinsu. A 1997 ma'aikatun ilimi na Turai suka kafa cibiyar haɗin gwiwarsu ta European Schoolnet, a shekarar kuma Bankin Duniya ya fara shirin World Links na haɗa makarantu ta intanet da makarantun Yuganda. Sai shirin eTwinning na Turai a 2005, inda malamai biyu a ƙasashe biyu ke tsara darasi ɗaya. Afirka ma ta ga shirin makarantun zamani na NEPAD (tsarin raya Afirka na Tarayyar Afirka), wanda aka gwada a ƙasashe 16.

Wanda ya fi jan hankalina cikin duk waɗannan shi ne wanda bai yi suna sosai ba. Daga 1999 New Zealand ta riƙa ba rukunin makarantu kuɗi na tsawon shekara uku, kuma kuɗin na horar da malamai ne, ba na sayen kaya ba. Makarantu kaɗan da ke kusa da juna za su haɗu, ɗaya ta jagoranta, a ɗauki gogaggen malami ya riƙa zagayawa tsakaninsu, a kuma biya wanda zai riƙe aji don malama ta samu sararin zuwa ta ga yadda takwararta ke yi. Wannan sarari shi ne abin da yawancin shirye-shirye ke mantawa da shi. Taron bita na kwana biyu zai nuna wa malama inda za ta danna. Amma abin da take buƙata shi ne ta zauna a bayan ajin wata, ta ga yadda ake raba kwamfuta goma ga yara talatin ba tare da hayaniya ba, da abin da ake yi in intanet ta ɗauke ana tsakiyar darasi, da yadda ake gane yaron da ke ta danne-danne alhali bai fahimci komai ba. Irin wannan sani a wurin malami ɗan'uwa ake samun sa, kuma ƙaramar makaranta mai malamin kimiyya ɗaya tal ba ta da inda za ta same shi sai a maƙwabciyarta.

Ana cikin haka sai guguwar kwamfuta ɗaya ga kowane yaro ta taso. A 2005 masanin fasaha ɗan Amurka Nicholas Negroponte ya gabatar da shirinsa na kwamfutar dala 100, da fatan yara za su koya da kansu in dai na'urar ta shiga hannunsu. Peru ta sayi dubban ɗaruruwa. Binciken da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar a 2012, kan makarantun karkara 319, bai ga wani ci gaba a lissafi ko harshe ba, ko da yake yaran sun iya sarrafa kwamfutar. Uruguay ta sayi irin wannan na'urar daga 2007 a ƙarƙashin shirin Ceibal, amma ta kafa hukuma ɗaya da ke ɗauke wa dukkan makarantun gwamnati nauyin gyara da intanet da horo. Da ta ga ba ta da isassun malaman Ingilishi a firamare, sai ta tsara darussa uku a mako: ɗaya malami daga nesa zai koyar ta bidiyo kai tsaye, sauran biyun malamar ajin za ta ci gaba bisa tsarin da suka shirya tare. Rahoton OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta ƙasashe masu ci gaba, na 2015 ya ƙarfafa abin da aka gani a Peru, domin ya nuna ƙasashen da suka zuba kuɗi mai yawa a kayan fasaha ba su ga wani canji na a zo a gani ba a karatu da lissafi da kimiyya.

Annobar korona ce ta gwada kowa. A watan Afrilun 2020 ɗalibai kusan biliyan 1.6 na gida, kuma UNICEF ta ƙiyasta cewa aƙalla yara miliyan 463 ba su da hanyar bin darasi daga nesa. Makarantun da suka riga suka san juna sun raba aiki nan take, wannan ta naɗi darussan lissafi, waccan ta ɗauki kimiyya. A Ingila malamai daga makarantu daban-daban suka haɗu cikin 'yan kwanaki suka kafa Oak National Academy, suka zuba darussa kyauta. Makarantar da ba ta da abokin hulɗa kuwa, kowane malami sai da ya ƙirƙiro komai shi kaɗai, cikin dare, bayan ya gama da nasa 'ya'yan.

Ba za a ɓoye aibin haɗin kan ba. Sau da yawa babbar makaranta ce ke tsara komai, ƙananan su zama 'yan amshin shata, a ɗora musu manhajar da layinsu ba zai iya ɗauka ba. Kuma rukunoni da dama kan watse da zarar kuɗin tallafi ya ƙare, domin albashin mai zagayawa shi ake fara yankewa.

Yau abin da ke sake tura makarantu ga juna ya koma kwangila da bayanan yara. Rahoton UNESCO na 2023 kan fasaha a ilimi ya ce kayan fasahar koyarwa kan sauya kusan duk wata 36, cewa yawancin shaidar amfaninsu daga masu sayar da su take fitowa, kuma kashi 16 cikin ɗari kacal na ƙasashe ne doka ta kare sirrin bayanan ɗalibai ƙarara. Shugaban ƙaramar makaranta ba shi da lauya, ba shi da lokacin karanta sharuɗɗan kamfani shafi-shafi, amma makarantu ashirin na iya ɗaukar mutum ɗaya ya yi musu, su kuma yi ciniki da murya ɗaya. Tun fitowar ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira mai amsa tambaya da rubuta bayani, a Nuwamban 2022 an ƙara musu wani aikin, wato yarda a kan abin da ya halatta ɗalibi ya nema a wurin manhajar da abin da za a kira satar amsa, don kada yaro ya sha hukunci a wata makaranta kan abin da maƙwabciyarta ke koya wa nata ɗaliban.