Ma'anar tasdiƙi da abin da hatiminsa ba ya ɗauka

Tun da Saudiyya ta fara aiki da yarjejeniyar Afostil (wadda ta sa ƙasashe ke karɓar takardun hukuma na juna da hatimi guda) a watan Disamba na 2022, kalmar tasdiƙi, wato buga wa takarda hatimin tabbatarwa, ta cika bakin mutanenmu, daga Shara Mansur a Makka har zuwa Jidda, kuma akasarin masu faɗinta suna ɗora mata nauyin da ba nata ba. Na ji wani mu'aƙƙibi, wato mai bi wa mutane takardu a ofisoshin gwamnati, yana tabbatar wa wata baiwar Allah, wadda ta ɗaura aurenta a Faransa, cewa da zarar an yi wa takardar auren tasdiƙi, rabin gidan mijin ya zama nata ko'ina aka rabu. Maganar ta sosa mini rai, domin matar ta naɗe takardar a leda ta soka cikin jaka da murna, hankalinta kwance.

Ina zargin asalin kalmar da wannan ruɗani. Tushenta a Larabci shi ne wanda ya haifi sadaka da sadaki da laƙabin Siddiƙu, duka suna komawa ga gaskiya da gaskatawa, saboda haka kunnen Bahaushe yana jin kamar hukuma ta gaskata duk abin da ke rubuce. Alhali hatimin nan abu uku kaɗai yake shaida: sa hannun na gaske ne, mai sa hannun yana riƙe da muƙamin da ya ce, tambarin kuma ba jabu ba ne. Yarjejeniyar Afostil ɗin, ta 1961, ba ta ce komai game da gida ko shago ba.

Rabon dukiya yana hannun kotun da aka kai ƙara da dokar da take bi. A Faransa, ma'auratan da ba su rubuta wani tsari ba sukan faɗa ƙarƙashin tarayya a kan abin da aka samu bayan aure, amma alƙalin can yakan fara duba ƙasar da suka soma zama bayan ɗaurin auren. Idan Jidda suka tare, dokar Saudiyya ce za ta hau kan dukiyarsu. A nan kuwa, fiƙihu da dokar iyali ta 2022 sun bar kowa da abin hannunsa, sai alƙali ya tambayi ragowar sadaki da ciyarwar idda da sharuɗɗan da aka rubuta a cikin ƙullin auren.

A ganina, wadda ta zuba kuɗin ɗinkinta ko na adashenta a ginin miji ta fi buƙatar sunanta ya shiga takardar mallakar gidan, ko a rubuta kuɗin a matsayin bashi da shaidu biyu, fiye da layin da za ta bi don neman hatimin tasdiƙi.