Waiwaye: Yadda ma'aunin iska ya yaudari masana shekara talatin

Daga wajajen 1920 har zuwa 1950, masana a Turai da Amurka na ɗora laifi kan famfunansu na zuƙe iska. Duk yadda suka zuƙe iska daga bututun gilashi, sai ma'auni ya cije a wuri guda, kusan kashi ɗaya cikin biliyan 76 na matsin iskar da muke shaƙa. A sake famfo, a gasa gilashin, allura ba ta ƙara sauka.

Aikin auna matsin iska ya samo asali ne daga Torricelli a Italiya, wanda a 1643 ya kifa bututun zaiba ya ga sararin da babu iska ya buɗe a samansa. A 1874 Herbert McLeod a Ingila ya ƙera ma'aunin da ke matse ɗan abin da ya rage na iska har ya isa aunawa. Marcello Pirani kuwa, a masana'antar ƙwan lantarki ta Siemens da ke Berlin, ya kawo dabarar waya mai zafi a 1906: iska na raguwa, wayar na kasa hucewa.

Ma'aunin da ya jawo rikicin shi ne wanda ya samo asali daga na Oliver Buckley na 1916. Ana harba elektiron, wato ƙananan ƙwayoyin lantarki, su bugi ƙwayoyin iska, ƙwayoyin iskar su ɗauki caji, wani faffaɗan ƙarfe da ya kewaye na'urar ya tattara su a ƙirga. A 1947 Wayne Nottingham na jami'ar MIT ta Amurka ya ce a binciki na'urar kanta. Elektiron ɗin na bugun ragar wayar da ke cikin na'urar su haifar da hasken eksire, hasken ya doki faffaɗan ƙarfen ya fitar da lantarkin da ba ruwansa da iska, ma'aunin kuwa ya ƙirga shi a matsayin iska. Ashe famfunan sun daɗe da wuce inda ake zato.

Gyaran da Bayard da Alpert suka yi a kamfanin Westinghouse a 1950, a ganina, ya fi duk sauran wayo, don kusan kyauta ne. Juya tsarin kawai suka yi, mai tattarawar ya koma siririyar waya a tsakiya, wadda hasken ba ya samu sai kaɗan. Iyakar awo ta faɗi fiye da sau ɗari.

Har yau jikokin wannan ma'auni ne ke aiki a masana'antun ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta da manyan ɗakunan bincike. A cibiyar ma'aunai ta NIST da ke Amurka kuma ana gwada sabuwar hanya: a sanyaya ƙwayoyin litiyam da hasken leza, a tsare su a tarkon maganaɗisu, a ƙirga saurin da ragowar iska ke tunkuɗe su waje.