Rigar da ta jiƙe da maganin feshi

A ranin da ya wuce, a fadamar Kwalkwalawa da ke kusa da Sakkwato, na tarar da wani matashi yana yi wa albasa feshi da rana tsaka. Famfon da ya goya yana yoyo, rigarsa ta jiƙe sharkaf daga kafaɗa har ƙugu. Na ce, "Samari, sauke famfon nan ka wanke jikinka." Ya ce, "Malam, ai ba sha na yi ba."

Amsar nan ta daɗe tana damuna. Da yawa cikinmu mun ɗauka sai guba ta bi ta baki take illa, alhali ga mai feshi fata ce babbar ƙofa. A zafin Sakkwato kuwa, da kan haura digiri 40 a watan Afrilu, jiki na gumi, fata na ƙara zuƙar maganin. Wuri mafi haɗari shi ne wajen haɗawa, domin a lokacin ba a sirka shi ba. Ga mai garwaya shi da hannu, ga mai busa bakin famfo idan ya toshe, ga mai gamawa ya ɓare goro bai wanke hannu ba.

Magunguna irin su Sniper da fiya-fiya jijiyoyi suke taɓawa. Sai mutum ya ji ciwon kai da jiri, yawu na dalala, gumi na karyo masa, ga amai, gani ya dushe, ƙirji ya riƙe. Sau da yawa a kan ce zazzaɓi ne ko rana ta buge shi. Idan kun ga haka, ku fitar da shi daga gonar, ku tuɓe masa kayan, ku wanke shi da ruwa da sabulu, ku garzaya asibiti mafi kusa tare da kwalbar maganin, don likita ya san abin da zai yi. Don Allah kada a ɗura masa madara ko manja, kada kuma a sa shi amai. Maganin ciyawa na paraquat kuwa ba shi da makari. Kurɓi kaɗan na iya lalata huhu.

Na san cikakkun kayan kariya suna da tsada, kuma akwai zafi. Amma riga mai dogon hannu, wando, takalmin roba, safar hannu ta roba da takunkumi ba su kai kuɗin kwanciya asibiti ba. Ku yi feshi da sassafe ko da la'asar, iska na bayanku. Yara da masu juna biyu kada su kusanci wurin.

Iyayen gida, kayan feshi a wanke su daban da na iyali. Jarkar magani kuma ko an ɗauraye ta sau goma ba ta zama ta ruwan sha ko ta man gyaɗa ba. A huda ta kafin a rabu da ita.