Daga Alma-Ata zuwa 2030: me ya iso ƙauyukan Kaduna?

Duk wanda ya saba bin ƙauyukan Igabi ko Giwa ko Kubau ya san irin allon nan na ƙarfe da tsatsa ta fara ci, a kafe kusa da famfon burtsatse ko gaban ɗakin shan magani, ɗauke da haruffan MDG, wato Muradun Ƙarni na Majalisar Ɗinkin Duniya. Wani wurin famfon yana ba da ruwa har gobe, wani wurin kuma awaki ne ke kwana a gindinsa. Yaran da aka haifa lokacin kafa allunan sun tasa, wasu har sun yi aure, amma labarin ya girmi iyayen da yawa daga cikinsu.

A watan Satumba na 1978 ƙasashe 134 suka hallara a birnin Alma-Ata na tsohuwar Tarayyar Sobiyet, suka ɗauki alƙawarin lafiya ga kowa kafin shekarar 2000. Hanyar da suka zaɓa ita ce a kai magani kusa da talaka, maimakon a tara kuɗi a manyan asibitocin birni. A Najeriya, wanda ya riƙi maganar da gaske shi ne Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, likitan yara da ya zama ministan lafiya a 1985. Ya fara da ƙananan hukumomi 52 a matsayin gwaji, ya matsa kan rigakafi da shayar da nonon uwa, kuma a zamaninsa ne haɗin ruwan gishiri da sukari na maganin gudawa ya shiga gidaje. Sai dai ya zo daidai da tsuke bakin aljihun da aka fara a 1986. Naira ta faɗi, magani ya yi tsada, asibitocin gwamnati suka koma wurin rubuta takarda a ce maka je ka kemis. Bayan tafiyar ministan aikin ya sukurkuce, har binciken lafiya na ƙasa na 2003 ya nuna kashi 13 cikin 100 kacal na yara ne suka samu cikakken rigakafi.

Da shekarar 2000 ta zo babu lafiya ga kowa, sai aka sake sabon lale. Ƙasashe 189 suka amince da Muradun Ƙarni guda 8 a Majalisar Ɗinkin Duniya, wa'adi 2015. Wannan karon an sa lamba: a rage mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara 5 da kashi biyu cikin uku, ta mata masu haihuwa da kashi uku cikin huɗu. A 2001 shugabannin Afirka suka ƙara da nasu a Abuja, cewa kowace ƙasa za ta ware wa lafiya kashi 15 na kasafinta. Gwamnatin da ta karɓi baƙuncin taron ba ta taɓa kaiwa nan ba, galibi tsakanin kashi 4 da 6 take yawo.

Kuɗin allunan can kuwa daga yafe bashi suka fito. A 2005 ƙungiyar masu ba da rance ta Paris ta yafe wa Najeriya dala biliyan 18, bisa sharaɗin a karkatar da abin da aka huta biya, kusan dala biliyan 1 a shekara, zuwa yaƙi da talauci. Amina Mohammed, wadda ta yi wani ɓangare na ƙuruciyarta a nan Kaduna, ita Obasanjo ya ɗora kan ofishin da ke kula da muradun. Daga nan aka samu azuzuwa da famfuna da ɗakunan shan magani, da shirin tura ungozomomi karkara na 2009.

A duniya an ga haske. Mutuwar ƙananan yara ta sauko daga miliyan 12.7 a 1990 zuwa kusan miliyan 6 a 2015. Maƙwabciyarmu Nijar, duk da ƙarancin abin hannunta, ta shiga sahun waɗanda suka cika burin rage mutuwar yara, bayan ta baza ƙananan ɗakunan magani a ƙauyuka ta kuma mayar da jinyar 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta a 2006. Najeriya mai man fetur ba ta cika ba.

Amma a yi mana adalci, akwai inda muka ci. Kurkunu, da ya kwantar da mutane sama da 650,000 a ƙarshen shekarun 1980, ya ɓace, aka tabbatar da haka a 2013, kuma Janar Gowon, yaron Wusasa, ya sha zirga-zirgar ƙauyuka a kansa. Shan inna ya fi wuya. A 2003 Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da ɗigon saboda zargin yana hana haihuwa, ga kuma tabon gwajin maganin Pfizer na 1996 a Kano bai warke ba. Sai da sarakuna da malamai suka shigo da ƙarfi, musamman daga 2009, kafin ƙofofi su buɗe, kuma a Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da cutar ta asali.

Akwai tambayar da iyaye suka riƙa yi wa masu ɗigo a lokacin: me ya sa wannan kuke biyo mu da shi har gida kyauta, alhali in yaro ya kwanta da zazzaɓi ko ƙyanda sai mun biya? An ɗauke ta gardama ce, amma a ganina ita ce zuciyar maganar. Duk abin da ake yi da gangami, kwana huɗu a bi gida-gida a tashi, mun iya shi. Naƙuda ba ta jiran gangami. Macen da jini ya ɓalle mata ƙarfe biyun dare, ko jijjiga ta kama ta, tana buƙatar ungozoma a farke, da wuta, da jini, da mota mai mai, da hanyar da za a bi. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya ce mata 512 ke rasuwa a kowace haihuwa 100,000 a Najeriya. Sabon alƙawarin da aka ɗauka a 2015, mai muradu 17 da wa'adin 2030, yana neman duniya ta koma ƙasa da 70.

Kaduna ta yi yunƙuri a wannan zangon. Gwamnatin El-Rufai ta ɗauki tsarin cibiyar lafiya ɗaya mai inganci a kowace mazaɓa cikin 255, aka kafa hukumar inshorar lafiya ta jiha a 2018, a 2022 kuma jiragen Zipline marasa matuƙi suka fara kai rigakafi da magani daga Pambeguwa. Kasafin jihar ya sha taɓa kashi 15 ɗin nan a takarda, ko da yake warewa daban, sakin kuɗi daban. Sai ga matsalar da ba ta cikin lissafin masu tsara muradu: a sassan Birnin Gwari da Giwa da Chikun 'yan bindiga sun kori ma'aikata, gini ya rage a kulle da sabon fenti. Cire tallafin mai a 2023 ya ninka kuɗin magani da na acaɓa zuwa awon ciki, likitoci da ma'aikatan jinya suna ta ficewa Ingila da Saudiyya, a farkon 2025 kuma Amurka ta datse tallafin da ake dogaro da shi wajen gidan sauro da maganin ƙanjamau.

Sulhun da gwamnatin Uba Sani ta yi a ƙarshen 2024 ya sa an buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, motoci suka dawo kan hanya. Ɗan kasuwa yana zuwa da safe ya juya kafin magariba. Ita ungozoma ana so ne ta tare a ƙauyen da iyalinta, ta kwana a can, kuma wannan shawarar ba a ofis ake yanke ta ba, a gidan mijinta ne ko na iyayenta.