Ma'anar EBP: lambar da ke nuna ko ufa za ta dace da akwatin ƙaho

Takardar bayanin da kamfani ke haɗowa da ufa cike take da lambobi, amma yawancin masu saye biyu kawai suke dubawa, wat da inci. Idan akwatin na rami ne, wato mai ramin fitar iska, irin wanda aka fi gani, wani lokaci a kan tsira da wannan sakacin. Akwatin ƙaho, wanda sauti ke fita ta hanya mai faɗaɗa kamar ƙaho, ba ya yafewa. Ana iya ɗora masa ufa mai wat 1000 ya riƙa gunji ba ƙarfi, a cire a sa mai wat 500 ya girgiza fili. Lambar farko da ke bayyana dalili ita ce EBP.

EBP taƙaitawa ce ta Efficiency Bandwidth Product, kuma lissafinta layi ɗaya ne: a ɗauki Fs a raba da Qes. Fs shi ne yawan kaɗawar da ufa ta fi sakewa a kai idan tana waje ba akwati, ana auna shi da Hz, wato yawan kaɗawa a daƙiƙa. Qes kuma yana nuna yadda maganaɗisu da koyil ke riƙe takardar ufa, wato faifan da ke kaɗawa a gabanta, su hana ta wuce gona da iri. Ƙanƙantarsa ita ce alamar riƙo mai ƙarfi. Duka biyun suna cikin ma'aunan da ake kira Thiele/Small, da sunan Neville Thiele na Ostireliya wanda ya buga aikinsa a 1961, da Richard Small wanda ya faɗaɗa shi a farkon shekarun 1970 a Jami'ar Sidni.

Ƙa'idar da masu haɗa akwati ke bi ita ce: EBP ƙasa da 50 ta fi son rufaffen akwati, tsakanin 50 da 100 tana shiga kowanne, sama da 100 ta akwatin rami ce. Ga ƙaho ana fara dubawa daga 100, kuma idan ana so ya ɗauki dukan ganga da ƙasan murya, 150 zuwa sama ake nema.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, idan aka warware lissafin Qes, Fs ɗin yana soke kansa. Abin da ke saura shi ne Bl, wato ƙarfin turin maganaɗisu da koyil, sau Bl, a raba da nauyin abin da ke motsi, wato Mms, da tirjiyar koyil, wato Re, da 6.28. Ke nan EBP ba ta da ruwa da zurfin bas ɗin ufa, ba ta da ruwa da wat. Ƙarfin turi take aunawa a kan nauyin da ake turawa.

Shi ya sa ƙaho ke damuwa da ita. Takardar ufa tana da nauyi, iska ba ta da shi, don haka ufar da ke fuskantar fili kai tsaye kusan a banza take naushi: daga kashi 1 zuwa 3 cikin 100 na wutar da ta sha ne ke zama sauti, saura zafi. Ƙaho yana aikin da giya ke yi a mota. Yana matse iskar a ƙaramin maƙogwaro gaban takardar, sannan ya buɗe a hankali har zuwa baki, sai takardar ta sami abin da za ta tura da gaske. Lasifikar masallaci da ke kai kiran salla unguwa guda da 'yan wat kaɗan, wannan dabarar ce a ƙaramin jiki. To amma iskar da aka matse kaya ce. Ufa mai raunin maganaɗisu idan aka aza mata shi sai ta sare.

Don Keele ya fitar da lissafin ƙahon bas da waɗannan ma'aunai a 1977. A cikinsa, inda sautin ƙaho ke fara faɗuwa ta sama saboda nauyin takarda shi ne Fs sau biyu a raba da Qts, wato ma'aunin riƙon gaba ɗaya, na maganaɗisu da na jikin ufar. A ufa mai ƙarfin maganaɗisu Qts da Qes ba su da nisa, don haka a aikace a ninka EBP sau biyu, an sami rufin. Ɗauki ufa mai inci 15, Fs 40, Qes 0.25. EBP 160, rufinta wajen 320 Hz. Ɗauki ufar mota mai Fs 28 da Qes 0.6. EBP ba ta kai 47 ba, rufinta ƙasa da 100 Hz. Ta biyun a cikin ƙaho za ta yi tudu a wuri ɗaya ta mutu a sauran, a bar giɓi tsakaninta da sifikun murya wanda ba ikwalaiza da za ta cike. Wannan rufin ma na lissafi ne kawai. Koyil mai yawan naɗi, da sararin da aka bari tsakanin takarda da maƙogwaro, da kowace kwana da aka naɗe ƙahon a cikin akwati, duk suna ƙara sauko da shi.

Kada a mayar da lambar doka. Ufar LAB12 ta kamfanin Eminence, wadda aka yi musamman don ƙahon LAB da Tom Danley ya tsara, EBP ɗinta ba ta kai 60 ba, kuma ƙahon ya yi suna. Ba a nemi ya hau sama ba ne. Aikinsa ƙasa da 100 Hz yake, an kuma zana maƙogwaro da ɗakin bayansa daidai da nauyin takardar wannan ufar. Tambayar ita ce daga ina zuwa ina ake so akwatin ya yi aiki, sannan a duba ko EBP ta isa.

Akwai abubuwan da EBP ba ta gani sam. Na farko matsi. A raba faɗin takardar, Sd, da faɗin maƙogwaro. Inci 12 tana da murabba'in santimita wajen 530, inci 15 wajen 850, inci 18 wajen 1200. Idan maƙogwaro 400 ne aka sa inci 18, matsin 3 bisa 1 ke nan. A ƙahon bas an fi zama tsakanin 2 da 3. Da zarar an haura 4, takarda marar kauri za ta fara lanƙwasa kusa da wuyan koyil ko ta yage a gefe, a zo ana zargin amfilifaya. A nan ne masu bin EBP ido rufe ke faɗawa rami, domin hanya mafi arha ta ɗaga lambar ita ce rage nauyin takarda, siririyar takarda kuma ita ce ba ta jure matsi. EBP mai kyau ita ce wadda ta fito daga babban Bl, takardar kuma tana da ƙwari.

Na biyu, zurfin bas na ƙahon ne, ba na ufar ba. Sauti na tafiyar mita 344 a daƙiƙa, don haka igiyar 50 Hz ta kai mita 6.9. Tsawon hanyar ƙahon ya kamata ya kai rubu'in wannan, mita 1.7. Cikakken baki a kan ƙasa yana son kusan murabba'in mita 1.9, wanda akwati ɗaya ba ya bayarwa. Dalilin da ya sa ake jera huɗu baki da baki ke nan, kuma dalilin da ya sa Klipschorn na Paul Klipsch, da ake ƙerawa tun 1946, ke zama a kusurwar ɗaki ya ari bango. Raba akwatuna biyu can biyu can a filin biki yana cinye ƙasan bas ɗin, kowace irin ufa ce a ciki.

Ƙasa da iyakar ƙahon, iskar ta daina riƙe takardar. A akwatin da bayan ufa ke rufe, iskar ɗakin baya tana ɗan tare ta, muddin ba ya yoyo. Ɗan tsagi a mahaɗar katako ko ramin waya da ba a toshe ba ya isa ya lalata wannan. A akwatin da ƙahon ke bayan ufa babu mai tarewa, sai takardar ta wuce Xmax, iyakar motsin da aka tsara mata, koyil ya bugi ƙasa. Maganin a kurosoba yake, na'urar da ke raba sauti tsakanin sifiku: a datse duk abin da ke ƙasa da iyakar da gangara mai 24 dB duk lokacin da Hz ya ragu da rabi.

Sai zafi. Ufar da ke kulle a ƙaramin ɗaki ba ta shan iska, ga takardar ba ta motsi sosai balle ta hura wa kanta. Tirjiyar jan ƙarfe tana hawa kusan kashi 0.4 cikin 100 a kowane digiri. Koyil da ya ƙaru da digiri 150 ya ƙara kashi 60 a kan Re, Qes ya hau da shi, EBP 160 ta koma 100. Wannan ne ke sa bas ya yi laushi bayan awa biyu, mai kiɗa ya ƙara murɗawa, koyil ya ƙone. A zafin bazara na Sakkwato ko Maiduguri tun kafin a kunna an riga an ci wani ɓangare na ratar. Koyil mai inci 4 da ramin iska a bayan maganaɗisu sun fi jurewa.

Lambar da ke takardar bayani ta ufar asali ce, sabuwa. Jabu mai tambarin babban kamfani, ko wadda mai gyara ya sake wa takarda da koyil, ta zama wata ufa dabam. Ana iya aunawa da mitar lantarki da na'urar fitar da sauti. A auna Re. A nemo inda tirjiya ta kai ƙololuwa, nan ne Fs. A raba ƙololuwar da Re, a kira sakamakon r. A nemo wurare biyu, ƙasa da saman Fs, inda tirjiya ta yi daidai da Re sau tushen r, wato lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da r. Fs sau tushen r, a raba da tazarar wuraren biyu, shi ne Qms, ma'aunin riƙon jikin ufar; a cire ɗaya daga r, a raba Qms da abin da ya saura, shi ne Qes. Manhajar REW tana yin wannan kyauta. Daga nan a zuba lambobin cikin Hornresp, manhajar David McBean, tare da awon maƙogwaro da baki da tsawo da ɗakin baya, a duba motsin takarda a cikakkiyar wuta kafin kafinta ya sa zarto a katako.