Kwaɗon Dutsen Tebur da Furen Erica verticillata

Kwaɗon Heleophryne rosei da tsiron Erica verticillata halittu ne biyu da asalinsu ke birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, kuma babu inda aka san su da zama a daji sai can. Ana yawan ambatonsu idan ana maganar halittun da birnin ya kusa rasawa.

A rabe-raben masana, kwaɗon yana cikin ajin Amphibia, rukunin Anura, dangin Heleophrynidae, ƙaramin dangi da bai wuce kudancin Afirka ba. John Hewitt ne ya raɗa masa suna a 1925. Shi kuwa tsiron ɗan babban gida ne: dangin Ericaceae, jinsin Erica mai nau'o'i fiye da 800, mafi yawansu a yankin Cape. Yakan kai mita ɗaya da rabi, da furanni ruwan hoda masu siffar bututu, jere a kewayen reshe.

Kwaɗon ba ya rayuwa sai a 'yan ƙoramu masu gudu a kwazazzaban Dutsen Tebur da ke Cape Town. Talibambam ɗinsa yana da baki mai mannewa, da shi yake riƙe dutse kada ruwa ya tafi da shi, yana kankare gansakuka yana ci. Yakan shafe fiye da shekara kafin ya zama kwaɗo, don haka ƙoramar da ta ƙafe rani guda ta kashe 'ya'yan shekarar. Madatsun ruwa da baƙin itatuwa masu shanye ruwa sun rage masa muhalli. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin masu fuskantar matsanancin haɗarin ƙarewa.

Matsayin tsiron ya fi muni a takarda, domin an lissafa shi cikin waɗanda suka ƙare a daji, bayan gonaki da gidaje sun cinye fadamun yashin da yake tsirowa. Sai dai ceto ya fi zo masa da sauƙi. A 1984 aka gano shi a wani lambu a Pretoria, daga baya kuma a tsohon lambun fada a Vienna ta ƙasar Austria. Aka yanki rassa aka raina, aka mayar da su Rondevlei da Tokai da filin sukuwa na Kenilworth, duk a Cape Town. Kwaɗon bai da irin wannan gata. Kare shi ya dogara ga barin ruwa ya ci gaba da gudu a ƙoramun dutsen duk shekara.